Kayan aiki da jikin mai aiki

Duk manomin ƙasar Kurfai da Imanan ya san hauyar tsaye. Zabarmawa suna ce mata kumbu. Ƙotarta doguwa ce, ta fi tsawon mutum. Bakinta mai faɗi ne, kamar jinjirin wata. Mai noma yana tsaye, yana tura ta gaba, yana jawo ta baya. Bakin yana shiga ƙarƙashin rairayi kaɗan, ya yanke saiwar haki. Mutum sai ya wuni yana noma bai duƙa ba.

A wasu ƙasashen Hausa, ta wajen kudu, da gajeruwar hauya ake noma, a duƙe. Wani masani Bafaranshe, Henri Raulin, ya bi ƙauyukan Nijar yana duban wannan bambanci. A 1967 ya fitar da littafi a kai. Ya nuna inda ake noman tsaye da inda ake noman duƙe. Irin ƙasa tana da hannu cikin abin. Hauyar tsaye ta jigawa ce, ba ta iya laka mai tauri, ba ta kuma yin kunya. Al'adar mutane ita ma tana da nata hannu.

Manomi ba ya ɗaukar kowace ƙota da ya gani a kasuwa. Sai ya gwada ta da tsawonsa. Sai ya ji nauyinta. Sai ya ji ko kaurinta ya zauna mashi cikin hannu. Ta yaro daban, ta babba daban. To, wannan gwaji da manomi yake yi, akwai masana da suka mai da shi sana'arsu. Da Faransanci ana ce ma iliminsu ergonomi. Da Hausa, shi ne ilimin daidaita kayan aiki da mutum. Masu shi suna auna ƙarfin hannu da na ƙafa. Suna auna abin da ido yake iya gani da dare. Suna auna yadda gajiya take rage hankali. Sannan su ce ma masu ƙira: ga yadda za ku gyara.

Yadda abin ya samo asali

Lokacin yaƙin duniya na biyu, sojan Amurka suna da wani babban jirgin sama da ake ce ma B-17. Sau da yawa jirgin yakan sauka lafiya, yana cikin gudu bisa ƙasa, sai ƙafafunsa su naɗe, ya faɗi bisa ciki. Manya suka ce laifin matuƙa ne, sakaci ne.

A 1943 aka sa wani saurayi masani, Alphonse Chapanis, ya duba. Ya shiga ɗakin tuƙi. Sai ya tarar da maɓallai biyu kusa da juna, kamarsu ɗaya. Ɗaya na ƙafafu ne, ɗaya na fukafukai. Matuƙi ya gaji, idonsa yana waje, ya kai hannu, sai ya taɓa wanda bai nufa ba. Aka liƙa ƴar ƙaramar taya ta roba bisa maɓallin ƙafafu. Na fukafukai aka ba shi wata siffa daban. Hannu ya iya rarrabe su ko ido bai duba ba. Wannan irin haɗari ya tsaya.

Matuƙan su ne dai na jiya. Ba a ƙara masu horo ba, ba a yi masu faɗa ba. Daga nan masana suka riƙe wata ƙa'ida. In mutane da yawa suna yin kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, a fara duban kayan aikin kafin a zargi mutanen.

A lambu

Bonkuku tana cikin kwarin Dallol Boso. Ruwa yana kusa, shi ya sa noman rani ya kafu, har dankalin turawa na garin ya yi suna a kasuwannin Yamai. Amma wanda ya taɓa ban ruwa da guga ya san abin da baya da kafaɗa suke sha.

Ƙafar mutum ta fi hannunsa ƙarfi nesa, ta kuma fi jimiri. Kan haka ne aka ƙera famfon taki a ƙasar Bangaladash, wajen shekarar 1980. Mutum yana hawa bisa sanduna biyu, yana takawa kamar mai tafiya. Nauyin jikinsa ne yake jawo ruwan. Daga 1997 aka fara yaɗa irinsa a Nijar, masu walda na gida suna ƙera shi. Aka sa ma wani suna Niyya da Ƙoƙari. Yana da iyaka: in zurfin ruwa ya wuce wajen mita 7, ba ya jawowa. Yau masu lambu da yawa sun koma ga inji mai shan mai, ko mai aiki da hasken rana.

Akwai wani darasi da famfon ya bari. A Kenya an ƙera wani mai tsawo, mai dogon taki. Yana ba da ruwa sosai, amma mata suka ji kunyar hawansa a gaban jama'a. Sai da aka rage mashi tsawo, aka gajarta takin. Ashe awon jiki kaɗai bai isa ba. Sai an san abin da mutane suke jin nauyinsa.

Masu feshin magani kuma, su dubi ƙasan takardar da ke jikin kwalba. Akwai layi mai launi. Ja shi ne dafi mafi tsanani. Rawaya yana bi mashi, sannan shuɗi, sannan tsanwa. Akwai ƙananan hotuna na safar hannu, da abin rufe hanci, da wanke hannu. Don wanda bai iya karatu ba aka yi su. Maganin da aka juye cikin kwalbar lemo ya rabu da wannan gargaɗi duka, kuma yaro yana iya ɗaukarsa abin sha.

A likita da cikin gida

Nan ne wannan ilimi ya fi taɓa rai.

Tamowa tana kama yaro sannu a hankali. Uwa tana ganinsa kullum, don haka ba ta saurin gane ramar. A da, kafin a ce yaro yana da tamowa, sai an auna nauyinsa da sikeli, an auna tsawonsa da allo, an duba wata takarda mai cike da lambobi. Aikin ma'aikacin lafiya ne. Ƙauyen da yake nesa da likita, sai yaro ya galabaita kafin a kai shi.

Sai aka yi wani ɗan zare mai faɗi na roba, na awon damtse. An raba shi launi uku. Ana naɗa shi a tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa wata 59, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Hannun yana sake. Kada a matse, kada a bar shi sako-sako. In ya nuna tsanwa, damtsen ya kai santimita 12 da rabi, babu laifi. In ya nuna rawaya, yaro ya fara ramewa, a je a nuna shi. In ya nuna ja, damtsen bai kai santimita 11 da rabi ba. Wannan yaro a kai shi likita ranar nan, ko da yana wasa, ko da yana cin abinci.

An daɗe ana ganin ma'aikata kaɗai za su iya riƙe wannan zare. A Mirya, cikin jihar Damagaram, ƙungiyoyi biyu, ALIMA da BEFEN, suka gwada ba uwaye. Binciken farko ya fito a 2015. Ya nuna uwa wadda ba ta yi makaranta ba, in an koya mata na ɗan lokaci, tana gane launin daidai. Ya nuna kuma ba dole ba ne hannun hagu, ba dole ba ne a auna tsakiyar damtse da ma'auni. Kintatar ido ta isa. Kowane sharaɗi da aka cire, aikin ya ƙara sauƙi.

Daga 2013 zuwa 2014 aka yi babban gwaji. A yankin Dogo aka koya ma uwaye dubbai. A yankin Takeita aka bar aikin ga ma'aikatan ƙauye. Da aka kwatanta, yaran Dogo sun fi zuwa da wuri, kuma waɗanda sai da aka kwantar a asibiti ba su kai na Takeita yawa ba. Dalili a fili yake. Ma'aikaci yana zagayowa lokaci lokaci, uwa kuwa tana tare da ɗanta dare da rana. Daga baya ƙasashe da yawa suka ɗauki wannan dabara da aka gwada a Nijar.

Abu ɗaya zaren ba ya gani, shi ne kumburi. Uwa ta danna bayan ƙafafun yaro biyu da babban yatsa, ta ƙirga uku, ta ɗaga. In rami ya zauna a duka biyu, tamowa ce mai tsanani, ko da zare ya nuna tsanwa.

Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina shi ma ya sha gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi a 2012, Nijar ta fara a 2013. Ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya a wata, kwana uku a jere. Na ranar farko ma'aikaci yake ba da shi. Na kwana biyun da suka rage yana hannun uwa. Da farko ƙwayar tana da ɗaci, sai an daka ta, yara suna tofarwa ko su yi amai. Daga baya aka kawo mai narkewa cikin ruwa kaɗan, mai ɗan zaƙi. Fakitin jarirai da na manyan yara kowane da launinsa, don kada a musanya. Uwar da aka ba fakiti biyu, ta tambaya a wurin: wanne na wa? Kada ta bari sai ta isa gida.

Jikin kwalbar allurar rigakafi akwai wani ɗan tambari: murabba'i cikin da'ira. Zafi yana ɓata maganin, amma ido ba ya ganin ɓacin. Murabba'in yana yin duhu gwargwadon zafin da kwalba ta sha. In ya yi duhu kamar da'irar, ko ya fi ta, a yar. An fara sa shi a 1996 bisa maganin shan inna. Ma'aikacin da ya yi tafiyar yini cikin zafin bazara ba ya bukatar lissafi. Duba ɗaya ya ishe shi.

Manyan likitoci ma suna mantuwa. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 ta ɗakin fiɗa. Ana karanta ta da ƙarfi. Wane ne wannan majiyyaci? Wane gefe za a tsaga? An ƙirga auduga kafin a ɗinke? An gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe 8. Cikin mutum dubu da aka yi ma fiɗa, masu mutuwa suka sauko daga 15 zuwa 8. Don haka in ma'aikaci ya tambayi sunan mutum har sau biyu, ba raini ba ne.

A kan hanya

Hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Baleyara zuwa Filinge tana ɗaukar motoci, da amalanke, da garken dabbobi, da masu tafiya ƙasa. Daren kasuwa duka suna haɗuwa.

Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Wajen taki talatin ke nan. Daga lokacin da idon direba ya ga abu zuwa lokacin da ƙafarsa ta hau birki, daƙiƙa guda ce ko fiye. Haka aka halicci mutum, gwaninta ba ta kawar da shi. Bayan an taka birki kuma, mota tana ci gaba da ja. In an haɗa duka, sai ta yi wajen mita 70 kafin ta tsaya. In ta sha lodi, ko taya ta suɗe, abin ya fi haka.

Fitilar mota ta ƙasa kuwa ba ta haska abu mai duhu daga wannan nisa. Amalanken jaki ba fitila, mai shi ya lulluɓa da baƙin mayafi. Lokacin da direba zai gan shi, filin tsayawa ya riga ya ƙare. Mai amalanke yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya zaci shi ma an gan shi. Wannan zato ya kashe mutane da yawa.

Gyaran ba shi da tsada. Akwai ɗan faranti ja mai mai da haske, irin na bayan keke. In an kafa biyu a bayan amalanke, dama da hagu, direba yana hango su daga fiye da mita 100. Farin tufa ya fi baƙi. Mai tafiya ƙasa ya bi gefen da yake fuskantar motoci masu zuwa. A gudun kilomita 50 kuma, mota tana tsayawa cikin wajen mita 30. Wannan shi ne dalilin rage gudu a bakin gari.

Sai gajiya. A 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, suka gwada mutane. Wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa sun ragu kamar na wanda ya sha giya har iyakar da dokar ƙasashe da yawa ta hana tuƙi. Direban da ya tashi da asuba, ƙarfe 5, in ƙarfe 10 na dare ya same shi bisa hanya, ya cika awa 17 ɗin. Shayi da goro suna buɗe ido na ɗan lokaci, amma bashin barci yana nan. Fasinja masu cewa direba ya yi sauri, su san abin da suke roƙo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin rahotonta na 2023, ta ce mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 suke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara. Bisa yawan jama'a, Afirka ce ta fi shan kashi. Ta ce kuma direba mai riƙe waya yana tuƙi, haɗarinsa ya ninka wajen sau 4.

Salula

Wayar salula ta shigo Nijar a 2001. Lambobinta suna jere uku uku: 1, 2, 3 a sama. Ba haka kawai aka jera su ba. A Amurka, wani masani mai suna John Karlin da abokan aikinsa suka gwada jeri iri iri bisa mutane. Suka auna sauri, suka ƙirga kurakurai. Jerin da suka zaɓa ya fito a 1963. A wayoyi masu maɓalli, ku shafa lamba 5, za ku ji ɗan tudu. Don makaho aka yi shi, da mai dannawa cikin duhu.

Amma waɗanda aka gwada masu karatu ne, masu jin Turanci. Ba a yi tunanin ɗalibin yaƙi da jahilci ba. Ƙananan wayoyi ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ƴ. Sai baƙi ya koma baki, ƙasa ta koma kasa. Umurnin waya kuma da Faransanci yake zuwa. Shi ya sa mutane suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, don baki ya riga alƙalami.

Duk da haka waya tana taimakon karatu. A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a cibiyoyin yaƙi da jahilci na jihohin Doso da Damagaram, mai suna ABC. Ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shi, wata masaniya Ba'amurkiya, Jenny Aker, da abokan aikinta suka auna sakamako. A wasu ƙauyuka aka yi karatu yadda aka saba. A wasu aka ƙara koya ma ɗalibai neman baƙaƙe da lambobi bisa waya, da rubuta ɗan saƙo. Ɗaliban waya suka fi cin jarrabawar rubutu da ta lissafi. Bayan an rufe aji da watanni, suna nan gaba a lissafi. Abin da mutum yake amfani da shi kullum ba ya saurin gudu daga kai.

Inda aka fi jin ciwo shi ne aika kuɗi. Mutanen karkara da dala suke ƙirga, waya kuwa da sefa take rubutu. Dala guda sefa 5 ce. Dala ashirin, 100 ke nan. Jika guda dala ɗari biyu ce, a waya 1000. To, an ce ma mutum ya aika dala dubu. In ya danna 1000, jika guda ya aika, alhali jika biyar ake nufi, wato 5000. Haka nan sifiri ɗaya in ya ƙaru, 5000 ta zama 50000, jika hamsin sun tafi. Masu tsara wayoyi ba su san dala ba. Ba wautar mai dannawa ba ce, amma aljihunsa ne yake biya.

Kafin a gyara wannan, akwai abin da malaman cibiya da ɗalibai za su iya yi. A rubuta allo mai layi biyu, dala a hagu, sefa a dama, a rataye shi cikin aji. Mai aika kuɗi ya rubuta adadin da lambar wanda za a aika ma bisa takarda tun daga gida. Waya takan nuna adadin ta nemi a tabbatar. A nan a tsaya, a ƙirga sifiri da yatsa: jika tana da uku. Lambar sirri kuma ba a faɗa ma mai shago, ba a rubuta ta a bayan waya. In mai shago ne ya aika, a jira saƙon shaida ya shigo, a gwada adadin da ke ciki da wanda ke bisa takarda, sannan a tashi.